Yadda Ake Ɗora Rubutu da Hoto a Shafin WordPress

Makarantu da ƙungiyoyi da ƙananan jaridu da 'yan kasuwa da yawa sun biya kuɗi an gina musu shafin intanet. Wanda ya gina ya miƙa sunan shiga da kalmar sirri, ya karɓi cikon kuɗinsa, ya kama gabansa. Daga ranar aiki ya koma hannun sakatare, ko malamin kwamfuta, ko wani matashi da aka ce ai shi ya san kan waya. Wannan jagora domin mutumin nan aka yi ta. Ba sai ya koyi yaren da injiniyoyi ke gina shafi da shi ba, domin akwai manhajar da ke tsaye tsakaninsa da wannan yare, aikinta shi ne karɓar rubutu da hoto ta jera su a shafi. Irin waɗannan manhajoji suna da yawa, akwai Joomla da Drupal da Blogger, amma wadda ta fi yaɗuwa ita ce WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003. A yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya a kanta suke, saboda haka da ita zan yi bayani. Wanda ya iya ta ba zai sha wuya da sauran ba.

Kafin a taɓa kowane maɓalli, akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna a kai. WordPress ba ta ajiye shafi a dunƙule yadda Word ke ajiye takarda. Rubutu yana zaune a rumbun bayanai, hotuna suna cikin wata jaka dabam da aka kasa bisa shekara da wata, launi da zubin haruffa da faɗin shafi kuma suna hannun wani abu na uku, wato rigar shafin da maginin ya zaɓa. Sai mai karatu ya buɗe adireshi sannan ake haɗa ukun a miƙa masa, a kuma daidaita su da girman allon da ke hannunsa. Ma'anar wannan ita ce, kai mai ɗora rubutu aikinka shi ne ka faɗa wa manhajar mene ne kowane abu: wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan jeri ne, wannan maganar wani ce aka ɗauko. Kwalliya kuwa ka bar wa rigar. Mafi yawan shafukan da ke fitowa a hargitse, masu su sun yi ƙoƙarin yin kwalliyar da hannu ne.

Abu na biyu shi ne sanin wanda ake yi wa aikin. Kai kana zaune gaban faffaɗan allon kwamfuta, shi kuwa mai karatunka, a Kano yake ko Maraɗi ko Kumasi, kusan koyaushe da waya zai buɗe, da datar da ya saya da kuɗinsa, wataƙila a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Duk shawarar da ke tafe daga nan ta samo asali.

Shiga da zaɓar wurin da rubutu zai zauna

Ana shiga ne ta hanyar rubuta adireshin shafin a ƙara masa /wp-admin a ƙarshe. Abin da za ka gani bayan ka shiga ya danganta da matsayin da aka ba ka. Mai gudanarwa yana iya taɓa komai, har ya rushe shafin. Edita yana iya gyarawa da wallafa rubutun kowa. Marubuci nasa kaɗai yake wallafawa. Mai ba da gudummawa yana rubutawa ya miƙa a duba, ba ya iya wallafawa, ba ya ma iya ɗora hoto. Idan ka nemi wurin ɗora hoto ka rasa, kafin ka ce manhaja ta lalace, tambayi matsayin da aka sa ka. Shawarata ga kowace hukuma ita ce kada a riƙa aikin yau da kullum da asusun mai gudanarwa, kuma kada mutum biyar su riƙa shiga da kalmar sirri ɗaya. A buɗe wa kowa nasa, ko don a san wanda ya canza me.

Akwai gida biyu na rubutu. Ɗaya na labarai ne, masu ɗauke da kwanan wata, sabo yana ture tsoho ƙasa: sanarwar hutu, rahoton taro, sakamakon gasa. Ɗayan na tsayayyun shafuka ne da ba ruwansu da kwanan wata: tarihin makaranta, adireshi, tsarin kuɗin rajista. Wanda ya saka sanarwar mako ɗaya a tsayayyen shafi, ba za ta fito a jerin sabbin labarai ba. Wanda kuma ya saka tarihin ƙungiya a gidan labarai, bayan wata biyu zai nutse.

Rubutun kansa

Tun watan Disamba na 2018, da fitowar WordPress 5.0, wurin rubutu ya koma tsarin da aka sa wa suna Gutenberg, sunan Bajamushen nan da ya shahara da injin ɗab'i. A wannan tsari kowane abu bulo ne mai zaman kansa. Sakin layi bulo ne, kanu bulo ne, hoto bulo ne, ana ɗora wani kan wani kamar yadda magini ke jera bulo, ana kuma iya cire ɗaya ko a matsar da shi ba tare da an taɓa sauran ba. Alamar + ita ce ke kawo sabon bulo. Idan ka danna kan bulo, ƙaramin layin kayan aiki zai fito a samansa, a gefen dama kuma saitunansa za su bayyana. Wasu shafuka har yanzu suna amfani da tsohon wurin rubutu mai kama da Word, amma ƙa'idojin duk ɗaya ne.

A akwatin sama ake rubuta babban kanu, kuma a nan kaɗai. Kada ka sake maimaita shi a layin farko na rubutun, rigar shafin za ta nuna shi da kanta. Idan ka gama sakin layi ka danna Enter sau ɗaya. Idan layi kawai kake son karyawa ba tare da buɗe sabon sakin layi ba, kamar wajen rubuta adireshi ko baitin waƙa, sai ka haɗa Shift da Enter. Kada ka yi ta danna Enter don samar da fili, kada kuma ka yi ta buga tazara don tura kalma tsakiyar layi. Abin da ya zauna daidai a allon kwamfutarka zai karkace a waya.

Na fi son mutum ya rubuta abinsa a waje, ya gama gyara, sannan ya kawo. WordPress tana adana daftari da kanta lokaci zuwa lokaci, amma wanda ke aiki inda ake ɗauke wuta kuma sabis ke yankewa ya fi samun kwanciyar hankali idan yana da kwafi a na'urarsa. Sai dai a wajen kwafowar ne datti ke shigowa, kuma kowace hanya da irin nata. Rubutun da aka kwafo daga Word yakan taho da ɓoyayyun umarni na launi da girman harafi. Gutenberg yana share da yawa daga ciki, amma wani lokaci za ka ga sakin layi ɗaya ya fita dabam da 'yan'uwansa. Wanda aka kwafo daga PDF yakan zo a kakkarye, kowane layi ya tsaya inda ya tsaya a takarda, sai jimla ta rabu gida uku. Wanda aka kwafo daga WhatsApp kuma yana zuwa da taurarin da aka kewaye kalma da su don ta yi kauri, a shafi kuwa taurarin ne za su fito tsirara. Maganin na farko shi ne liƙawa da Ctrl da Shift da V a haɗe, wanda ke kawo kalmomi zalla. Na biyu da na uku sai an bi da hannu, layi bayan layi. Aiki ne mai cin rai, amma minti goma ne da za su hutar da duk wanda zai karanta.

Idan rubutu ya yi tsawo, a raba shi da ƙananan kanu, kuma a yi amfani da bulon kanu na gaskiya. Mutane da yawa sukan rubuta layi su ƙara masa kauri da girma, a ido ya yi kama da kanu. Amma Google ba ya ganinsa a matsayin kanu, haka ma manhajar da ke karanta wa makafi allo, irin TalkBack ta wayoyin Android ko NVDA ta kwamfuta. Makaho yakan yi tsalle daga kanu zuwa kanu don ya san abin da shafi ya ƙunsa kafin ya zauna sauraro. Idan babu kanu na gaskiya, dole ya saurari komai daga farko. Matakan suna da lamba: H1 na babban kanu ne, manyan sassa H2, abin da ke ƙarƙashinsu H3. Ba a zaɓar mataki saboda girman harafinsa ya yi maka kyau.

Mahaɗi kuma, wato kalmar da ake dannawa ta kai mutum wani shafi, ana yin sa ne ta hanyar zaɓar kalmomin a danna alamar sarƙa a liƙa adireshin. A zaɓi kalmomin da ke faɗin inda za a je. "Sauke fom ɗin rajista" ya fi "danna nan" amfani nesa ba kusa ba. Idan fayil ne mai nauyi, a faɗi nauyinsa a gefe, mutum ya yanke wa kansa shawara kafin datarsa ta tafi.

Haruffa masu lanƙwasa

Nan ne mai rubutu da Hausa ke da matsalar da babu ita a littattafan koyon WordPress. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y, duk suna da gurbinsu a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, kuma WordPress tana karɓarsu lafiya lau. Matsalar daga wurare uku take fitowa.

Na farko tsofaffin zubin haruffan Hausa ne na kwamfuta, waɗanda har yanzu ana aiki da su a maɗaba'u da jami'o'i. Dabarar da aka yi a lokacinsu ita ce a ari wani maɓalli a canza masa kama. A cikin Word, muddin zubin yana kan kwamfutar, za ka ga "ƙasa" da "ɗaya" da "ɓarawo". Da zarar ka liƙa a shafi sai asirin ya tonu, ka ga "}asa" da "]aya" da "~arawo", ko kuma "qasa" da "xaya" da "varawo". Idan an kawo maka irin wannan rubutu, ka gyara shi tun a Word da umarnin nema da musanyawa, harafi ɗaya bayan ɗaya, manya dabam ƙanana dabam. Ka yi hattara da masu q da x da v, domin musanyawar ba ta san sunan baƙo ba, za ta mai da Victoria ta koma Ɓictoria. Don sabon rubutu kuwa, Gboard a waya yana da madannan Hausa, a kwamfuta ma ana iya ƙara su.

Na biyu zubin haruffan rigar shafin ne. Ba kowane zubi ne aka zana masa ƙ da ɗ ba. Idan babu, burauza takan aro harafin daga wani zubi, sai ka ga ƙ ɗaya ta fi sauran haruffan kalmar siranta ko tsawo, wani lokaci ma akwati ne zai fito a gurbinta. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe daftari, rubuta Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ ɓ ɗ ƙ ƴ a kanu, ka sake rubutawa a sakin layi, da kauri da kuma a karkace, sannan ka duba a waya. Idan sun fita dabam, a gaya wa maginin shafin ya sauya zubin. Noto Sans da Charis SIL da Andika duk suna da su.

Na uku ƙarami ne amma yana damun mai lura. WordPress tana mai da miƙaƙƙiyar alamar ɗauri, wato ', ta koma lanƙwasasshiya don ado, kuma idan ta ga alamar a farkon kalma takan ɗauka buɗe zance ake yi. Sai 'yan da 'ya'ya su fito da alamar farko tana kallon baya. Wanda ke son kauce wa wannan sai ya liƙa alamar da ta riga ta lanƙwasa daidai, wato ’, maimakon ya buga ta madannai.

Adireshin labarin ma yana bukatar kulawa. WordPress tana ƙirƙiro shi daga babban kanu, kuma idan akwai harafi mai lanƙwasa a ciki, sa'ad da aka kwafi adireshin don turawa yakan rikiɗe ya zama dogon jerin alamomi, ƙ guda ta koma %C6%99. Kafin ka wallafa, shiga saitin adireshin a gefen dama ka rubuta gajere da hannunka, kalma uku ko huɗu, ba lanƙwasa, da karan ɗori a tsakaninsu. A nan kaɗai nake yarda a rubuta k a gurbin ƙ.

Hoto

Hoto shi ne abu mafi nauyi a yawancin shafuka, kuma a nan ne ake cutar mai karatu ba tare da an sani ba. Wayar da ke da kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai faɗin fiksel 4000 da tsayin 3000, nauyinsa yakan kai megabait uku zuwa biyar. Gurbin da rubutu ke zama a yawancin shafuka bai kai faɗin fiksel 1000 ba. A ce an yi bikin yaye ɗalibai an zuba hoto goma sha biyar yadda suka fito daga waya, ka lissafa da kanka abin da za a ɗora wa uban da ke son ganin 'yarsa da hular kammala karatu.

WordPress tana taimakawa iya gwargwado. Duk hoton da aka ɗora takan yanka masa ƙananan kwafi, mai fiksel 150 da 300 da 1024. Tun 2015 take barin burauza ta zaɓi kwafin da ya dace da allon mai karatu. Tun 2019 take rage duk hoton da ya wuce fiksel 2560, tun 2020 kuma ba ta sauke hoton da ke can ƙasan shafi sai mai karatu ya kusa kai wa gare shi. Duk da haka gyara tun daga gida ya fi, domin ɗora babban fayil da raunin sabis yakan yanke a tsakiya, kuma filin da aka saya a wurin masu masaukin shafi yana da iyaka. Abin da nake ba da shawara shi ne a rage faɗin zuwa tsakanin fiksel 1200 da 1600, a matse nauyin ya dawo ƙasa da kilobait 300. Squoosh da TinyPNG suna yin wannan kyauta a cikin burauza. A Squoosh akwai layi a tsakiyar hoton da ake ja hagu da dama, gefe ɗaya na asali, ɗayan wanda aka matse. Ka sa ido kan fuskoki da aikin zaren hula ko zanen atamfa, ka yi ta rage inganci har ka fara ganin dusashewa, sannan ka ɗan koma baya kaɗan. Sau da yawa hoton megabait huɗu yakan dawo kilobait 200 ido bai ga bambanci ba.

Nau'in fayil ma da magana. JPEG na hoton kyamara ne. PNG na tambari ne da zane da hoton allo mai rubutu, ko abin da ake son bayansa ya zama fayau. Idan aka ajiye hoton taro a PNG nauyinsa ninkuwa yake yi a banza. WebP ya fi su sauƙi, kuma WordPress tana karɓarsa tun 2021. Hoton iPhone yakan zo a HEIC, wanda burauza da yawa ba sa nunawa, a mai da shi JPEG tukuna. Idan kuma wani ne zai turo maka hoto ta WhatsApp, roƙe shi ya turo a matsayin fayil ɗin takarda, domin turawar da aka saba tana matse hoto, idan ka sake matse shi sai ya dagule.

Kafin ɗorawa a sauya sunan fayil. Suna irin IMG-20240312-WA0007 ba ya gaya wa kowa komai, kuma bayan shekara guda, a cikin hotuna dubu, kai kanka ba za ka gano shi ba. Suna kamar bikin-yaye-dalibai-2024 ya wadatar. Daga nan sai a kawo bulon hoto, a ɗora daga na'ura ko a zaɓo daga ma'ajiyar hotunan shafin idan yana can. Kada a sake ɗora hoton da aka taɓa ɗorawa.

Akwai akwati biyu da ake cikewa, mutane kuma suna rikita su. Bayanin ƙarƙashin hoto kowa na ganinsa, a nan ake faɗin su wane ne, a ina, yaushe, da sunan wanda ya ɗauka. Rubutun madadin hoto kuwa yana gefen dama, ba a ganinsa a shafi. Shi manhajar makafi ke karantawa, shi ne kuma ke fitowa idan sabis ya gaza sauke hoton. Ka rubuta shi yadda za ka kwatanta wa wanda ke waya da kai: "Mata uku suna tankaɗe garin masara a tsakar gida, yarinya na riƙe da ƙwarya." Jimla ɗaya ta isa, ba sai an fara da "hoton" ba, ba a kuma cusa kalmomi don yaudarar Google. Idan hoton ado ne kawai, kamar layin fure da ke raba sassa, a bar akwatin fanko don manhajar ta tsallake shi.

Wata ɗabi'a da nake so a bari ita ce ɗora sanarwa a matsayin hoto kaɗai. An tsara takardar gayyata mai kyau, ga rana ga wuri ga lambar asusu, sai a ɗora hotonta a tafi. Makaho bai san abin da ke ciki ba. Mai neman sanarwar a akwatin bincike ba zai same ta ba. Mai son kwafar lambar asusu dole ya rubuta da hannu, yana iya kuskure. A ƙaramar waya ma sai an yi ta buɗa hoton da yatsu. A sa hoton idan ana so, amma a sake rubuta duk bayanin a ƙasansa da haruffa.

Wajen jera hoto, a bar shi a tsakiya ko ya cika faɗin gurbin. Tura shi hagu ko dama don rubutu ya kewaye shi yana kyau a kwamfuta, a waya kuwa yakan bar kalma ɗaya ɗaya a tsaye a gefensa. Idan hotuna sun wuce uku a wuri ɗaya, akwai bulo na musamman da ke jera su a layi. Kuma a yi zaɓe. Hoto shida masu kyau sun fi talatin da rabinsu bayan kawunan mutane ne.

Sai hoton goshi, wanda ake saitawa a gefen dama, shi ne ke wakiltar labarin a shafin farko. A shafukan da aka saka wa ƙarin manhaja irin Yoast SEO, shi ne kuma yakan fito idan an tura adireshin a WhatsApp ko Facebook. Faɗin 1200 da tsayin 630 ya dace da wannan. A zaɓi hoto na kwance wanda abin da ake son nunawa ke tsakiyarsa, domin rigar shafi takan datse gefuna, hoton tsaye kuwa sau da yawa kan mutum ake yankewa.

Ba kowane hoton da Google ya nuna ne halak a ɗauka ba. Hoto yana da mai shi, a Najeriya ma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi abin da ke intanet. Wikimedia Commons da Openverse suna da hotunan da masu su suka yarda a yi amfani da su, galibi bisa sharaɗin a ambaci sunansu da irin lasisin, kuma wurin ambaton shi ne bayanin ƙarƙashin hoto. Wanda ka ɗauka da kanka ma yana da haƙƙin mutanen da ke ciki. A nemi izinin iyaye kafin a sa fuskar yaro, a tambayi mace kafin a sa hotonta, kada a ɗora majinyaci ko mai karɓar tallafi a halin da shi ba zai so danginsa su gan shi ba. Hoton waya kuma yakan ɗauki bayanin ainihin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye cikin fayil. Idan gidan wani ne, a goge wannan bayani kafin ɗorawa.

Cire hoto daga cikin labari ba ya goge shi daga ma'ajiya. Goge shi daga ma'ajiya kuwa yana kashe shi a duk labarin da ke amfani da shi, kuma a yawancin shafuka babu kwandon shara da za a dawo da shi daga ciki. Mai son share ma'ajiya ya tabbata akwai kwafin ajiya na shafin gaba ɗaya.

Kafin wallafawa da bayanta

Zaɓi rukuni ɗaya da labarin ya dace da shi, kada ka bar shi a rukunin marasa rukuni. Sannan ka danna duban gwaji. WordPress tana nuna yadda shafin zai fito a kwamfuta da waya, amma ya fi kyau ka buɗe a wayar gaske, da data, ka ga tsawon lokacin da zai ɗauka. Karanta daga sama har ƙasa, danna kowane mahaɗi, sake duba sunaye da lambobi da ranaku.

Ana iya sa wa labari lokacin da zai fita da kansa. Idan ka sa ƙarfe takwas ya fito ƙarfe tara, agogon shafin ne ba a saita ba; a babban saiti a zaɓi Legas ko Yamai, waɗanda ke gaban agogon GMT da awa ɗaya.

Idan ka yi gyara bayan wallafawa ba ka ga canji ba, yawanci tsohon kwafi ne burauza ko masaukin shafin ke riƙe da shi. Buɗe a wata na'ura, ko ka share ajiyar wucin gadi. Facebook ma yakan riƙe tsohon kanu da hoto, sai an shiga kayan aikinsa na Sharing Debugger an umarce shi ya sake leƙowa. Kada a canza adireshin labarin da ya riga ya yaɗu. WordPress takan tura mai tsohon adireshi zuwa sabo a gidan labarai, amma ba ta yin haka ga tsayayyun shafuka.

Idan gyara ya ɓata rubutu, ko wani ya share sakin layi bisa kuskure, a gefen dama akwai tarihin gyare-gyare. Yana nuna kowane kwafin da aka adana da sunan wanda ya yi da lokacin, abin da aka cire da ja, abin da aka ƙara da kore, ana kuma dawo da wanda ake so da danna ɗaya. Gyaran harafi ko waƙafi ana yin sa shiru. Amma idan suna ne aka rubuta ba daidai ba, ko rana, ko adadin kuɗi, mutane kuma sun riga sun karanta sun tura wa wasu, sai a ƙara layi ɗaya a ƙasan labarin da ke faɗin abin da aka gyara da ranar da aka gyara shi.